Hadarin Yamma a Dutsen Aja

Tun da hantsi wayar Hajiya Asabe ke ƙara. Saƙo iri ɗaya ne daga bakuna goma: wai za a yi ruwa a Jidda, an sallami 'yan makaranta, kowa ya kama gidansa. Na leƙa ta tagar ɗakinmu na unguwar Sharafiyya, ban ga komai ba sai na'urorin sanyaya ɗaki na maƙwabta suna ɗiga, wanda shi ne ruwan saman da garin nan ya fi sabawa da shi.

"Malam, hau sama ka kwaso mini shanya," in ji ta.

"Gari fes yake, Hajiya."

"Ta wace tagar ka duba?"

Matar da ta zauna da kai shekara talatin da takwas ta san inda tsohon miki yake, kuma ba ta taɓa shi sai da dalili. Ta tagar gabas na duba. Har gobe nan nake fara dubawa, duk da abin da gabas ɗin ta yi mini shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce.

Kafin in zo ƙasar nan malamin makaranta ne ni a Funtuwa, labarin ƙasa nake koyarwa. Na zana wa yara shekara a allo kamar yadda ake yanka kankana: bazara, damina, kaka, hunturu. Wanda ya ce ana ruwa bayan an ɗaure dawa, bulala biyu ce ladansa. Da na iso Jidda, kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, wani ɗan kasuwa da ake kira Abu Sa'ad, ya duba hannuwana masu laushi ya rubuta mini manomi a takardar iƙama. Ban yi gardama ba. A lokacin nan ko kada ya rubuta zan nemi tafki.

Yana da gonar dabino ta gado can arewa, a ƙasar Hayil, cikin wani lungu na duwatsun Aja. Tsohon da ke kula masa da ita ya rasu a shekarar, dabino ya nuna babu mai sauke shi. Sai Abu Sa'ad ya zuba mu a mota mu uku. Akwai Baba Yahuza, Bahaushen Sudan daga Gadarif, dattijo da ya yi noma tun kafin a haife ni, shi aka ba ragamar aiki. Akwai ni. Akwai kuma Idi, sa'ana, haihuwar Jidda, wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Idi yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya riƙa dogara da Larabci kamar mai ɗingishi da sanda. Ya taɓa kiwon awaki a arewan nan shekara uku. Abu ɗaya ne ba shi da shi, takarda. A Jidda aka yanke masa cibiya, amma ko ƙyallen shaida ba ya da shi, ga mata da uwa tsohuwa a gari. In aka miƙa shi ga hukuma, jirgi za a sa shi a kai shi Najeriyar da bai taɓa gani ba ko a mafarki. Duk mun san haka. Ina so a riƙe wannan, domin ni na riƙe shi a lokacin da bai kamata ba.

Ban taɓa ganin dutse irin Aja ba. Ja ne kamar an gasa shi, ya tsaya mana ta yamma kamar katanga, rana kan faɗa bayansa tun la'asar ba ta yi sanyi ba. Iskar wurin kuwa ba ta da alƙawari. Da asuba ruwan alwala na cizon yatsu, mu rufa da bargo muna shan shayi haƙoranmu na kaɗawa. Kafin hantsi mun tuɓe bargo, kafin azahar mun tuɓe riga, dutse na mayar mana da zafin da rana ta ba shi. Can sai wata iska ta sulalo ta tsakanin duwatsu, mai sanyi kamar daga bakin randa, ta bushe gumin ta bar mu da atishawa. A yini ɗaya sai in ga yanayi uku daga cikin huɗun da na zana a allo, kuma ba a jeren da na zana su ba. Na ɗauki abin a matsayin rashin tarbiyya.

Aiki kuwa a jere yake. Idi ke hawa da igiya a ƙugu, ya yanko kawunan dabino ya zuro su. Ni ke tarewa a ƙasa, ƙaya na rubuta mini darasi a damtse. Baba Yahuza ke zaune yana tsincewa, mai kyau gefe, mai tsutsa gefe, wanda bai gama bushewa ba a kai shi shanya. Wurin shanyar ne asalin maganar. Tsohon mai gonar yana shanya a kan wani tudu mai tsakuwa, sai an hau ana haki. Baba ya dube shi sau ɗaya ya tsuke baki. A ƙasa kuwa ga wani kwari shimfiɗe tsakanin itatuwan, farin yashi sumul, busasshe kamar bai taɓa jin labarin ruwa ba.

"Ga masussuka Allah ya share mana, mu hau dutse don me?" in ji shi.

Muka shimfiɗa tabarmi a kwarin, muka zuba dabino. Kullum da hantsi mu juya, da yamma mu rufe da ganye saboda raɓa.

Ranar da muka fara, Idi ya tsaya ya ƙi sauke kwandonsa.

"Ya Ammi, nan ba kyau. Nan hanyar ruwa ne."

"Wane ruwa?"

"Ruwan sama. Yanzu lokacinsa, suna ce masa wasmi. Yana zuwa daga can." Ya nuna dutsen da haɓa.

Baba ya yi dariya har hularsa ta zame. "Malam, ka ji ɗan Jidda. Ruwa da kaka, kuma daga yamma! Kai Idi, hadari daga gabas yake tasowa. Wanda ka gani a yamma baƙo ne da ya riga ya yi sallama, ƙeyarsa kake kallo. Ko ba haka ba, Malam?"

Na gyara murya na tabbatar masa da haka yake a littafi. Har na ɗauki tsinke na zana wa Idi iskoki a kan yashi, da kibiyoyi, a daidai inda ruwan zai bi. Ya kalli zanen, ya kalle ni, ya ce, "Tayyib, ya Ustaz," ya sauke kwandon.

Abincinmu direban Abu Sa'ad ke kawowa ranar Alhamis: shinkafa, gari, albasa, gwangwanin kifi, ganyen shayi. Wani mako motar ba ta zo ba. Muka karkaɗe buhun gari har ya ba mu gurasa biyu, muka raba uku, daga nan sai dabino. Baba ya hana a taɓa mai kyau, amana ce, sai wanda ya faɗo ko tsuntsu ya fara. Wanda bai yi kwana biyar yana cin dabino safe da rana da yamma ba bai san zaƙi na iya zama azaba ba. Harshe ya yi kanta, ciki na ƙugi, mutum ya riƙa mafarkin gishiri ido biyu. Yunwa kuma ba ta zuwa ita kaɗai, takan taho da ƙanwarta, lura. Ka fara lura da lomar ɗan'uwanka, da inda ya nufa, da daɗewar da ya yi.

A makon nan ne Baba ya ja ni gefe.

"Malam, tabarmar can ta ƙarshe, jiya haka take?"

Na duba. Ana hango saƙar tabarma ta tsakanin dabinon.

"Bushewa ce, Baba. Abu in ya bushe yakan ƙanƙance."

"Shekara hamsin ina shanya. Na san ƙanƙancewa, na san ragewa."

Muka sa ido. Da azahar, in mun ci abin da ya samu mun miƙe a inuwa, sai Idi ya ce zai zaga. Ya daɗe. Ya dawo yana haki, rigarsa jiƙe, kafaɗarsa da sawun buhu. Ga kuma wani Balaraben daji mai awaki da tsohuwar mota a-kori-kura, wanda ya kafa tanti a bayan dutsen. Sau biyu na hango su tsugune shi da Idi, suna magana ƙasa-ƙasa suna nuna sama. Na fassara wa Baba nunin da cewa farashi suke ɗagawa.

Rana ta uku na bi shi. Na gan shi ya cika buhu da wanda ya fi bushewa, ya saɓa, ya kama wata 'yar hanya da ta hau dutse ta karkata wajen tantin Balaraben. Na bi shi har inda hanyar ta lanƙwasa, na tsaya. Na ce wa kaina takalmina ne ba su da kyau. Gaskiyar ita ce mai zargi ba ya son ƙarasa hanya, rabin gani ya fi masa daɗi, don shi yake cike sauran da hannunsa.

Da yamma Baba ya tare shi.

"Idi, ina kake kai dabinon mutane?"

"Fok. Sama. Ai na faɗa muku, ya Ammi, kun yi dariya."

"Sama wajen wa?"

"Ta'al, zo ka gani da idonka."

"In hau dutse da gwiwoyin nan, ka nuna mini buhu biyu ka ɓoye labarin goma? Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba."

Idi ya juyo gare ni. "Ustaz, kai zo."

Na ce ina da ciwon kai.

Washegari Alhamis, mota ta zo. Kafin direba ya gama sauke kaya Baba ya ce in ɗauko alƙalami. Abin da ya faɗa kaɗan ne: dabino na raguwa, Idi ke ɗiba, mai gona ya zo ya duba. Amma an daɗe ba a ba ni alƙalami ba. Na buɗe da gaisuwa layi huɗu, na kawo maganar amana da ha'inci, na jera kalmomin da na haddace tun a makarantar ilimi ban taɓa samun inda zan ajiye su ba. Da na zo rufewa sai na ga wasiƙar na bukatar wutsiya. Na ƙara layi ɗaya wanda Baba bai faɗa ba: cewa mutumin da ba shi da takarda, hukuma ta san inda take kai irinsa. Na karanta a zuci, na ji ya zauna daram. Na liƙe, na ba direba. Muka ci shinkafa da kifi ranar nan mu uku a faranti ɗaya, Idi na turo mini ɓangaren da ya fi mai.

Juma'a ta waye da wani irin shiru. Babu sanyin asuba, babu iska, ƙudaje sun yi nauyi suna manne wa fuska. Bayan azahar na ga Balaraben nan yana kora awakinsa sama, yana ɗaga mana hannu yana ihu. Baba ya ce, "Abokin cinikin ya zo karɓar kaya." Muka dubi gabas, shuɗi tas, ko gashin gajimare babu. Ta yamma kuwa, a kan Aja, wani abu ya taru baƙi ƙirin da ratsin kore, yana walƙiya a cikinsa ba ƙara.

"Ya wuce," in ji Baba. "Wasu can suka samu."

Sai iska ta iso. Ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ne ya fara zuwa, sannan sanyi, sannan ƙanƙara 'yan ƙanana kamar gero suna tsalle a kan tabarmi, alhali rana na haska mu ta gefe. Daga nan na ji wata ƙara daga cikin dutsen, kamar manyan motoci sun jero a hanyar da babu kwalta.

Idi ya diro daga kan dabino bai ko kwance igiya ba. "Sel! Sel! Ambaliya! Yalla, ku hau!"

Ni dai ban tsaya neman hujja a littafi ba. Takalman da suka kasa hawa dutse shekaranjiya suka hau shi kamar na akuya. Da na waiwaya, Baba Yahuza na durƙushe a tsakiyar kwari yana naɗe tabarma, yana tattara amanar mutane da hannu biyu. Idi ya koma. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga ya fizge tabarmar ya yar, ya sungumi dattijon a kafaɗa kamar buhunan da muke zarginsa da su, ya kamo tudu.

Ruwan bai zo kamar ruwa ba. Gabansa tarkace ne, rassa da duwatsu da kumfa, ja kamar kunun kanwa, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Ya shiga kwarin ya ɗauke tabarmi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai gida ya dawo ya tarar an yi masa shimfiɗa a ɗaki. Aikin mako uku ya wuce ta gabanmu yana juyi. Sai a lokacin ruwan saman ya iso kanmu, ya yi mana dukan da ya ga dama. Kafin la'asar ta yi nisa rana ta fito, tsuntsaye na kuka, gabas na nan shuɗi kamar yadda muka bar ta, ba ta san an yi ba.

Baba na zaune a kan dutse yana karkarwa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Idi ya ce, "Yanzu za ku zo ku gani?"

Muka bi shi, muka wuce lanƙwasar da na tsaya. Taku kamar ashirin ne ya rage mini ranar nan. Kogo ne mai faɗin ɗaki, a bushe. Buhuna jere a kan duwatsu don kada su taɓa ƙasa, an lulluɓe su da ganye, an ɗaure bakin kowanne. Kusan rabin abin da muka shanya. Balaraben ne ya nuna masa kogon, kuma abin da suke tsugunawa suna yi, lissafin sama ne.

Baba ya kama hannun Idi da hannu biyu. "Na zalunce ka, ɗana. Na ce kai ɓarawo ne, har na sa an rubuta wa mai gona. Ka yafe mini."

"Halas, ya Ammi. Ya wuce."

Ni kuma na tsaya ina shirya yadda zan fara. Baba bai san da layin ƙarshe ba, Idi bai sani ba, ni kaɗai na san abin da ke tafe a hanyar Jidda cikin aljihun direba. Kwana uku na yi ina kasa kunne. Duk ƙarar da iska ta yi a dutse sai in ji kamar mota ce, kuma ba motar kaya ba.

Ranar Litinin, da hanya ta bushe, Abu Sa'ad ya iso. Akwai wani mutum a gefensa cikin motar, mai gashin baki da baƙin tabarau, bai fito ba. Na dube shi na ce a raina hukuma ce ta iso. Idi ma ya dube shi, na ga ya gyara tsayuwa. Abu Sa'ad ya zaga kwarin, ya hau kogon, ya sauko, sannan ya zaro wasiƙar.

"Wa ya rubuta wannan?"

Na ce ni ne.

"Na manta tabarau a Jidda. Karanta mana, ya Ustaz."

Har yau ina zargin tabaran na aljihunsa. Na karanta. Gaisuwar nan layi huɗu ba ta taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba. Na karanta amana, na karanta ha'inci, da na zo ƙarshe na naɗe takardar.

"Da saura," in ji Abu Sa'ad. "Akwai layi ɗaya a ƙasa."

Na karanta shi. Baba Yahuza ya juyo ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Idi bai ɗaga murya ba. Ya ɗan jinjina kai ya ce, "Masha Allah, ya Ustaz. Larabcinka ya fi nawa."

Mutumin cikin motar ɗan'uwan Abu Sa'ad ne, ya biyo shi ganin ɓarna, ƙafarsa ke ciwo. Abu Sa'ad ya bar wa Idi riƙon gonar, daga baya ya yi ta faɗi-tashi har ya sama masa takarda a ƙarƙashin sunansa. Ni kuwa ya ce in shiga mota, hannuna ya fi dacewa da alƙalami, kuma ya ga abin da nake yi da shi. Na tsaya a bakin motar ina neman kalmomin da suka dace da girman laifin, masu nauyi, masu tsari. Direba ya tada mota ban same su ba.

Shekara ta zagayo ina koyar da 'ya'yan Hausawa karatu a Sharafiyya, sai ga kwalin dabino an ajiye a ƙofa, babu wasiƙa, babu saƙo. Haka kowace kaka, har bayan Idi ya tsufa ya dawo unguwar Khumra a nan Jidda wajen 'ya'yansa masu garejin gyaran mota. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, mu gaisa, mu tambayi iyali. Kwalin nan kuwa na juya shi ta kowace fuska. Wata shekara in ce yafiya ce, wata shekara in ce tuni ne, don kada in manta. Hajiya ta ce dabino ne, in ci in yi shiru. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Nawa bai ma zama gaskiyar ba, kuma bai hana ni sake wani ba.

Na dai hau saman benen yau, ina jan gwiwoyin da yanzu suka fahimci Baba Yahuza, Allah ya jiƙansa. Na juya yamma. Can kan teku abin ya taru, baƙi da ratsin kore. Ina sa hannu a zanen farko waya ta yi ƙara a aljihuna.

"Ya Ustaz, wane gefe kake kallo?"

"Yamma, Idi."

"Alhamdu lillahi, karatu ya shiga. To kwashe shanya."

"Idi, tsaya. Akwai wata magana da ta daɗe tana... wato dangane da abin da ya gabata tsakaninmu, wanda in aka yi la'akari da..."

"Ustaz, in ka tsaya gina jimla kayan Hajiya za su jiƙe."

Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi, mai sanyi.

"Ka yafe mini," na ce.

Ina jin ƙarar guduma daga garejin, da wani yana kiran a shigo da kaya.

"Shekara arba'in," in ji shi, "abin da kake nema ke nan? Wallahi Ammi Yahuza bai yi makaranta ba, a tsaye ya same shi. Na yafe, ya shekh. Yalla, ruwa."

Na sauko da kayan suna ɗiga, ni ma ina ɗiga. Hajiya ta karɓa, ta matse hannun wata riga, ta dube ni sama da ƙasa.

"Gabas ka tsaya kallo ko?"

Na ce mata ta ɗauko kwalin dabinon nan, yau da shayi zan ci.